Cokali Biyu na Sitati

A duk layinsu babu wanda bai san Injiniya ba, don ko ba ka tambaya ba zai gaya maka ko shi waye. Birkila ne, amma in ka kira shi birkila ba zai juyo ba. Ya ce shekara ashirin da uku yana gini, bai taɓa tsayar da abu ya faɗi ba. In ka yi shiru kana kallonsa, sai ya ce ban da katangar makarantar nan, ita kuma iska ce. In ka ƙara yin shiru, sai ya tuno da banɗakin gidan maƙwabcinsa Tela, ya ce wannan kuwa laifin yashi ne. Shi ya sa masu wayo ba sa musu da shi. Shiru kawai suke yi, shi da kansa zai rushe abin da ya gina.

Mutum ɗaya ne yake kiransa Birkila ya amsa da ladabi, wato surukinsa. Tsohon ya sauka a gidan ne saboda ganin likitan ido. Wata biyar cur yana jiran wannan rana, idon kuwa ya yi hazon da ba ya bambance mutum da randa sai an yi magana. Katin asibiti ya ce ƙarfe biyu na rana. Wanda aka kira sunansa ba ya nan, sai ya koma ƙarshen layi, wata biyar ke nan kuma. Baba ya zo da farar rigarsa guda ɗaya ta fita kunya, tun da safe ya saka ta ya zauna, wai kada a ce shi ya jawo makara.

Ana shan shayi Injiniya ya fara ba da labarin yadda ya ɗaga wani lintal, kankaren saman ƙofa, shi kaɗai, leburori shida suna kallo. Labarin ba ya yiwuwa sai da hannu. Hannun ya tashi, ya haɗu da kofi, kofin ya kife a ƙirjin Baba.

Baba ya shafa gabansa ya ce, "Birkila, rufin ɗakin nan kai ka yi shi?"

"Ni ne, Baba."

"Na ji alama. Yana yoyo, kuma da zafi."

Matar gidan, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ta riga ta rataya jaka. Ranar jarrabawa ce, ba halin fashi. Ta dubi rigar, ta dubi agogo, ta ce, "Baban yara, ka kai wa mai wanki da guga na bakin titi. Ka ce masa ta gaggawa ce."

"Riga ɗaya?" in ji Injiniya. "Ku mata kun ɗauki wanki kun mai da shi kamar yaƙi. Ruwa ne fa da sabulu. Mutumin da ya tsayar da bene, riga ce za ta gagare shi?"

"Ba gagara na ce ba. Lokaci nake ji."

"Kafin sha ɗaya kin ganta kamar daga shago."

Malama ta san in ta tsaya ja-in-ja, ita ce za ta makara. Ta ce, "To ka ji. Ka wanke, ka ɗauraye sau biyu. Sitati yana cikin bokitin roba bayan ƙofar kicin. Cokali biyu, kar ka wuce. Ka dama da ruwan sanyi, sannan ka zuba tafasasshe. Ƙarfe ɗaya da rabi ina jiranku a ƙofar asibiti."

"Ni za a koya wa cokali? Da cokali nake ciyar da gidan nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne aka rabu. Cokalin da ke bakin Malama shi ne wanda ake juya shayi da shi. A duniyar Injiniya kuwa cokali ɗaya ne, na ƙarfe, mai mariƙin katako, faɗinsa ya kai tafin ƙafar babban mutum, wanda ake ɗibar kwaɓaɓɓen siminti da shi.

Wankin dai ya tafi daidai, a ba shi haƙƙinsa. Tabon shayi ya fita. Ya buɗe jakar aiki, ya zaro cokalinsa, ya goge shi a cinya, ya luma cikin bokitin sitati. Ya ɗebo ɗaya, tozo guda. Ya ɗebo na biyu. Ya tsaya yana kallon bahon, ya ce shi ba ya kwaɓin ha'inci, ya ƙara rabi na albarka. Da ya tuttula tafasasshen ruwa, abin ya kumbura, ya yi kauri, ya kama cokalin ya riƙe a tsaye.

Ya gwada tsoma rigar, ta ƙi nutsewa. Wani zai tsaya ya yi tunani a nan. Injiniya murmushi ya yi.

"Ashe filasta ce. Shi ne ake ta yi mana kuri."

Ya jawo wani fallen kwanon rufi, ya shimfiɗa a tsakar gida, ya baje rigar a kai, hannu ɗaya gabas ɗaya yamma. Ya dinga ɗibar sitati yana yaɓawa, yana bi da katako yana lailayewa. Ya gama gaba, ya juya baya. Har tsugunawa ya yi ya kanne ido ɗaya, ya ga ko akwai inda ya yi tudu.

Daga cikin ɗaki, inda Baba ke zaune daga shi sai singileti da wando, murya ta fito.

"Birkila, gini kake yi ne?"

"A'a Baba, wanki ne."

"To. Mu a zamaninmu wanki ba ya cewa ƙaras ƙaras."

Rana ta yi aikinta. Sha ɗaya saura, Injiniya ya kama wuyan rigar ya ɗaga, sai ta taso gaba ɗaya kamar ƙyauren ƙofa. Ya jingina ta da bango, ya saki. Ta tsaya. Ya ja da baya taku uku, ya riƙe ƙugu. Don ya ga yadda za ta yi kyau a jiki, ya ɗauko hular Baba ya ɗora a wuyan, sannan ya tafi gidan Tela aron dutsen guga na gawayi, don babu wuta tun jiya.

Fitarsa ke da wuya matar Tela ta shigo aron rariya. Ta hango mutum tsaye jikin bango, fari fat, ya ware hannuwa. Ta sunkuyar da kai, ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina kwana? Ya jikin?"

Shiru.

"An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

Shiru. Ta miƙe tana karkaɗe gwiwa, daidai lokacin da mijinta da Injiniya suke shigowa.

"Injiniya, wannan surukin naka ji da kai gare shi. Na kai gwiwa ƙasa sau biyu, ya ware hannu kamar zai kama kaza, ko uffan."

Daga ɗaki Baba ya ce, "Lafiya lau, 'yar nan. Ina ta amsawa, ba ki ji ba ne."

Matar ta dubi ɗaki inda murya take, ta dubi bango inda jiki yake, ta ga babu kai a ƙarƙashin hular. Ba ta tsaya neman bayani ba. Takalminta ɗaya sai da yamma aka miƙa mata ta katanga.

Tela kuwa ya ajiye dutsen guga, ya zagaya rigar a hankali. Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa ƙirjinta, ta ce ƙwan ƙwan.

"Salamu alaikum. Akwai mutane a ciki?"

"Ka ga aiki ko?" in ji Injiniya.

"Na gani. Shekara talatin ina ɗinki, yau na fara ganin rigar da take neman hinji da kwaɗo."

"Hassada ce. Kai da kake ɗinka wando ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya."

"Amma ana zama da shi. Ka ji shawara, maƙwabci. Jefa ta a ruwa yanzu, ka sake wankewa, kafin ƙarfe ɗaya ta bushe. In ba haka ba, ina da riga a rataye, mai ita bai zo karɓa ba, tsohon ya sa ya je ya dawo."

"Surukina ba zai sa rigar aro ba ina raye. Guga ce ta rage. Da ta ji wuta za ta yi laushi."

Suka kwantar da ita a kan tebur, rabi na lilo a iska. Injiniya ya hura gawayi har ya yi ja, ya ɗora dutsen a tsakiyar bayan rigar, ya tura. Dutsen ya ƙi tafiya. Ya ja, ya ƙi dawowa. Wani ƙauri ya tashi. Sai da ya taka rigar da ƙafa, ya kama mariƙin da hannu biyu, sannan dutsen ya saki, ya bar hotonsa a wurin, ja-ja baƙi-baƙi, har da tsinin hancinsa.

"Ka buga mata hatimi," in ji Tela. "Ko ta ɓata za a gane ta."

"Me yake ƙonewa?" in ji Baba daga ɗaki.

"Maƙwabta ne, Baba, suke ƙona shara."

"Maƙwabcin ga shi nan tsaye," in ji Tela a hankali.

Injiniya bai kula shi ba. A wurin gini in bango ya yi tabo ba a kuka, shafewa ake yi. Ya shiga ɗakin ajiya ya fito da ragowar farin fenti da burushi. Ya shafa hannu ɗaya, hatimin ya leƙo. Ya shafa na biyu, ya ɓace, amma sai wurin ya fi sauran rigar haske. Ya faɗaɗa kaɗan don ya saje. Gefen ya sake fitowa. Ya ƙara faɗaɗawa. Kafin a ankara ya fente bayan rigar tun daga wuya har ƙasa, agogo kuma ya buga ɗaya.

Ya ruga ya watsa ruwa, ya saka rigarsa ta fita, ya dawo ya ce a shirya Baba. Nan aka gano wata sabuwa. Gaba da bayan rigar sun manne, babu ta inda mutum zai shiga. Injiniya ya zura cokalinsa ta ƙasa, ya dinga ɓamɓara kamar mai cire katako daga kankaren bene, har ta buɗe da wata ƙara, ya cusa cokalin a aljihun rigarsa. Suka fito da Baba tsakar gida, shi da Tela suka hau benci.

"Baba, ku ɗaga hannu sama. Yawwa. Yanzu ku ware su."

Suka sauke masa ita daga sama kamar ana rufe tukunya. Kan Baba ya ɓullo ta wuya. Ya yi ƙoƙarin sauke hannu, hannu ya ce ba yau ba.

"Birkila, riga ce wannan ko akwati?"

"Yayi ne, Baba. Manyan mutane haka suke sa ta yanzu."

"To manyan mutanen da me suke sosa hanci?"

Tela ya sosa masa.

A ƙofar gida sai da aka juya shi a karkace, aka fitar da shi kamar ana fitar da gado. Kafin su kai bakin titi labari ya riga su, don matar Tela ba ta zauna ba. Masu shago sun fito, mai gyaran rediyo ya bar rediyo yana ta surutu shi kaɗai, mai wanki da guga ya tsaya a ƙofar shagonsa ya harɗe hannu yana kallon rigar. Wata akuya ta biyo su tana gutsurar gefen rigar. Injiniya yana korarta da ƙafa yana ɗaga wa jama'a hannu.

"Ku matsa, ku ba shi iska. Ba ku taɓa ganin guga ba ne?"

Aka tsayar da tasi. Direban ya leƙo, ya daɗe yana kallo.

"Fasinja ne ko kaya? In kaya ne sai dai a ɗaure a sama."

"Surukina ne. Ka iya bakinka."

"Allah ya ba da haƙuri. To ya shigo."

Aka buɗe ƙofar baya. An gwada ta kai, hannu ya tokare. An gwada ta ƙafa, ƙugu ya ƙi lanƙwasuwa. Wani ya ce a kwantar da shi a tsaye, wani ya ce ai ba a kwanciya a tsaye. Ɗaya da minti ashirin.

"Birkila," in ji Baba, muryarsa ta sauya, "wata biyar fa na yi ina jira."

Wannan magana ta shiga Injiniya. Ya share zufa, ya duba hagu da dama, ya hango bokitin mai wankin mota.

"Ruwa. Ko bulo sai da ban ruwa."

Ya kamfato da hannu ya fara yayyafa wa surukinsa, gaba da baya, kamar sabon gini. Da ya ga abin yana jinkiri sai ya ɗaga bokitin.

"Da safe shayi, yanzu ruwa," in ji Baba. "Saura sabulu."

Amma fa rigar ta saki. Hannuwa suka sauko, ta yi laushi, ta yi yauƙi, tana ɗiga. Aka naɗe Baba aka zaunar da shi a kujera. Injiniya ya juyo ya dubi Tela, ya dubi mai wanki.

"Ilimi ke nan. Ba a sayar da shi a shagon guga."

Tafiyar minti ashirin ce, cikin rana, ga cunkoso, ga kujerar roba da ta sha zafi tun safe. Abin da ruwa ya kwance, zafi ya sake ɗaurewa, fentin da bai gama bushewa ba ya taya shi.

Malama na tsaye a ƙofar asibiti tana duba agogo. Ta buɗe ƙofar mota da sauri.

"Baba, ku fito, saura minti goma sha biyar."

Baba ya yunƙura. Ya sake yunƙurawa.

"Ni ina so, Uwata," haka yake kiran 'yar tasa, "kujerar ce ba ta so."

Injiniya ya kama hannun dama, direba ya kama na hagu, suka ja. Motar ta girgiza, Baba bai motsa ba. Maigadi ya zo, masu sayar da lemo suka zo, masu jinya suka leƙo ta taga. Wata tsohuwa ta tambaya ko ciwon ne ya sandarar da shi haka, a kawo gadon turawa.

"Abu mai sauƙi," in ji Injiniya. "Direba, kawo sifana. Mu kwance kujerar, mu shiga da shi a kanta. Likita ai ido zai duba, ba mazauni ba."

"Ka taɓa kujerar nan," in ji direba, "kai ma sai an duba naka idon."

Malama ta sunkuya cikin motar. Ta shafa kafaɗar rigar, ta shinshina yatsunta, ta leƙa bayan wuyan ta ga fenti. Sannan ta dubi mijinta tun daga hula har takalmi.

"Cire rigarka."

"A titi? Haba Malama, mutane fa..."

"Saura minti takwas. Cire."

Ya cire. Singiletin da ke ciki ta ga duniya, ramukanta sun fi yadinta yawa. Malama ta ce wa Baba ya ɗaga hannu ya zame ƙasa a hankali. Tsohon ya sulale ta ƙarƙashin rigar kamar maciji mai saɓa, ya fito ta ƙofa da baya da baya. Aka zura masa rigar Injiniya, ta kama hannunsa suka shige. Suna taka barandar asibitin ana kiran sunansa karo na biyu.

Farar rigar kuwa tana nan zaune a kujerar baya, a miƙe, hannu bisa cinya.

"Wannan fasinjan fa?" in ji direba. "Ina zan sauke shi?"

Sai da Injiniya ya yi rabin awa yana jiƙawa yana ɓamɓara da farce, direba na tsaye a kansa yana nuna masa inda ya rage. Da aka gama ya ɗauki rigar, wadda yanzu ta koma kamar kujera marar ƙafa, ya ajiye ta a kan bencin masu jira a gindin bishiya, ya zauna kusa da ita. Ya yi shiru na kusan minti biyar, abin da matarsa ba ta taɓa gani ba, kuma ba ta nan balle ta shaida.

Wani dattijo mai bandeji a ido ɗaya ya matso ya ce, "Bawan Allah, me ya sami rigar nan?"

Injiniya ya gyara zama. Mutum huɗu suka juyo, sai ya ji ƙarfinsa ya dawo.

"Sitatin zamani ne, Malam. Duk jabu ne, da siminti suke haɗa shi, ni na san warin siminti. Ka ga dai, cokali biyu kacal na sa. Ɗan ƙaramin nan na shayi, ko cika shi ban yi ba. Da wani ne ya yi wankin nan, da tsohon nan yana gida har yanzu. Allah ya sa ni injiniya ne, na san yadda ake..."

"Birkila."

Ya waiwaya. Baba ne tsaye a bayansa cikin rigarsa, da sabon tabarau mai kauri a fuska, Malama na riƙe da takardar magani.

Injiniya ya miƙe ya rusuna. "Baba, an fito? Ya idon?"

"Da sauƙi. Tun ɗazu wani abu yake sukata a aljihun rigar nan taka, na ce bari in sami ido tukuna."

Ya sa hannu ya zaro cokalin gini, busasshen sitati ya yi masa fari har mariƙi. Ya ɗaga shi daidai tabarau, ya juya gaba, ya juya baya. Mutanen benci suka miƙo wuya.

"Na shayi ka ce ko?"

Injiniya ya juya yana gyara wa farar rigar zama a kan benci.

Baba ya juya wurin 'yarsa.

"Uwata, mayar da ni wurin likitan nan kafin ya tashi. Gilashin ya yi ƙarfi da yawa. Cokalin shayi nake gani kamar shebur."